Shekarun jami'a a Kano: Lokaci, doka da abin da ɗalibi ya kamata ya fita da shi

A takarda, yawancin karatun digiri na farko a Najeriya shekara huɗu ne. Aikin injiniya, shari'a da aikin gona shekara biyar ne, likitanci kuwa shida. A zahiri, ɗalibin jami'ar gwamnati ya san ranar da ya shiga, amma ranar fita ba ta hannunsa. Wanda yake karatu a Jami'ar Bayero ta Kano tsakanin 2020 da 2022 ya ga yajin aikin malamai guda biyu da suka lashe kimanin wata 17. Shekarun haihuwarsa kuwa ba su tafi yajin aiki ba, kuma dokokin da ke jiran sa a waje da shekarun haihuwa suke lissafi. Saboda haka cin moriyar zaman jami'a ya wuce nasiha kan ƙwazo: akwai wa'adi, akwai takardu, akwai bashi, akwai kuma haƙƙoƙin da ba a sanar da ɗalibi su a aji.

Daga Nassarawa zuwa titin Gwarzo

A unguwar Nassarawa aka fara karatun boko na gwamnati a Kano. A 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a can, kuma gidan da ya zauna yana nan har yau da sunan Gidan Ɗan Hausa. Da Hausa ake koyarwa a makarantar, kuma ban da azuzuwan malamai da na 'ya'yan sarakuna, akwai sashen koyon sana'o'in hannu. Manufar Turawan mulki a bayyane take: su sami ma'aikatan da za su riƙe musu ofisoshin En'e. Tun daga nan aka ɗaura karatun boko da aikin ofis a zukatan mutane, kuma wannan ɗauri ya rayu shekaru da yawa bayan tafiyar Turawa.

Karatun jami'a ya zo daga baya. A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birni. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, kwalejin ta koma ƙarƙashinta da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A yau tana da tsohon matsuguni a kusa da Kabuga da sabo a titin Gwarzo. Gwamnatin jiha ta kafa tata jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, sannan ta kafa Jami'ar Northwest a 2012. Masu zaman kansu, irin su Skyline da Maryam Abacha, sun biyo baya.

Ma'anar wannan yawa ita ce, takardar da a da take isa ta buɗe ƙofar ofis yanzu tana hannun dubban mutane a kowace shekara. Ofisoshi da bankuna da ƙungiyoyin da ke Nassarawa da kewayenta ba su ƙaru daidai da yadda masu digiri suka ƙaru ba, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa kuma da yawa sun rufe ko sun rage aiki.

Agogon da ba ya tsayawa

Ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta yi yajin aiki na fiye da wata biyar a 2013. A 2020 ta yi na kusan wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ya haɗu da kullen annobar korona. A 2022 ta sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, bayan Kotun Ma'aikata ta ba da umarnin komawa aji. Tushen rigimar shi ne yarjejeniyar 2009 kan kuɗin gudanar da jami'o'i da alawus ɗin malamai, sai kuma taƙaddama kan tsarin biyan albashi na IPPIS.

Illar wannan jinkiri tana fitowa ne a wurare uku. Na farko, dokar hukumar hidimar ƙasa, NYSC, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a Mayun 1973, ta ɗauke hidima daga kan wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala. Takardar afuwa ake ba shi. Na biyu, tallace-tallacen ɗaukar sabbin ma'aikata, musamman na bankuna da manyan kamfanoni, sukan sa iyakar shekaru da ba ta wuce 26 ko 27 ba. Na uku shi ne nauyin gida: iyaye suna tsufa, ƙanne suna tasowa, maganar aure tana matsowa, musamman ga ɗalibai mata.

Ɗalibi ba shi da ikon hana yajin aiki, amma yana da ikon yanke abin da zai yi da watannin da aka rufe makaranta. Wata takwas ya isa a koyi ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, lissafin kasuwanci ko rubuta manhajar kwamfuta har a fara karɓar aiki. Kano ta fi yawancin garuruwan jami'a sauƙin wannan, domin Kantin Kwari, Singa, Dawanau da Farm Center makarantu ne da ba a rufe su.

Yadda ake lissafin digiri

Jami'o'in Najeriya da yawa, har da Bayero, suna auna sakamako a kan maki biyar. Daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50. Daraja ta biyu ta sama daga 3.50 zuwa 4.49 take, ta biyu ta ƙasa daga 2.40 zuwa 3.49, ta uku kuma daga 1.50 zuwa 2.39. Lissafin tarawa ake yi: kowane darasi yana da nauyinsa, kuma makin shekarar farko yana bin ɗalibi har ranar yaye shi.

Abin da sababbin ɗalibai ba su cika ganewa ba shi ne, yayin da darussa suke taruwa, ɗaga matsakaicin maki yana ƙara wuya. Wanda ya yi sakaci a zangon farko da na biyu zai iya shafe shekara uku yana biyan bashin. Bambancin 3.49 da 3.50 kuma ba ƙarami ba ne, domin tallafin karatu na ƙasashen waje da guraben aiki da yawa daraja ta biyu ta sama suke nema a matsayin mafi ƙaranci. Don haka duba sakamako a kowane zango, da bin kadin makin da ya ɓata tun malamin darasin yana nan, ya fi jira sai ana shirin tura sunaye hidimar ƙasa.

Horon aiki

Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ya fito da shirin tura ɗalibai wuraren aiki da ake kira SIWES a farkon shekarun 1970. Dalilinsa shi ne koken masu masana'antu cewa waɗanda jami'o'i suke yayewa ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. A fannonin kimiyya, injiniya, aikin gona da wasu makamantansu, horon yakan kai wata shida, kuma yana da maki.

An san yadda ake ɓata wannan dama: ɗalibi ya nemi ofishin ɗan'uwa, ya sa hannu da safe, ya cika littafin rahoto da abin da bai yi ba. Makin zai samu, amma ya rasa abu biyu da suka fi makin daraja, wato gwanintar da zai rubuta a takardar neman aiki da kuma mutumin da zai tsaya masa shaida. Haka abin yake ga ɗalibin aikin jarida da ke zuwa gidan rediyo, da ɗalibin koyarwa da ake turawa makaranta, da ɗalibin lafiya da ke zagayen ɗakunan marasa lafiya a Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Nassarawa, wanda yanzu ake kira da sunan Muhammad Abdullahi Wase.

Wanda ke neman wurin karatu a wajen harabar jami'a, musamman lokacin hutu ko yajin aiki, akwai Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad a titin Ahmadu Bello, cikin Nassarawa.

Bashin karatu

A 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da Bayero, sun ƙara kuɗin rajista ninki-ba-ninki, a daidai lokacin da cire tallafin mai ya tayar da kuɗin mota da na abinci. Gwamnatin Kano ta amince ta biya wa dubban ɗalibai 'yan jihar da ke Bayero a wannan shekara, amma irin wannan taimako ba doka ba ne, yana zuwa ne yadda gwamnati mai ci ta ga dama.

Abin da yake doka shi ne bashin karatu. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar farko a Yunin 2023, aka sake mata fasali a Afrilun 2024, sannan asusun NELFUND ya buɗe shafin neman bashi a Mayun 2024. Bashin babu ruwa a kansa, abin da ke da muhimmanci ga ɗalibai Musulmi da iyayensu. Kuɗin makaranta kai-tsaye ake tura wa jami'a, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na kuɗin shiga.

Bashi ne dai, ba kyauta ba, kuma da sunan ɗalibi aka rubuta shi. Ya kamata mai karɓa ya ajiye shaidar abin da aka amince masa, ya tabbatar jami'a ta karɓa, idan kuma ya riga ya biya da kuɗinsa ya nemi a mayar masa.

Takardu

Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardar sakandare, rajistar JAMB, lambar zama ɗan ƙasa da fayil ɗin jami'a. Saɓanin harafi ɗaya ko na shekara ɗaya yana iya riƙe mutum a gida abokan karatunsa suna sansanin Kusalla da ke Ƙaraye. Gyaran yana da sauƙi a shekarar farko, yana da wahala a ta ƙarshe.

Takardar hidimar ƙasa ba ta tsufa. A Satumban 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki bayan jaridar Premium Times ta bankaɗo cewa takardar afuwarta ta bogi ce, shekaru masu yawa bayan ta gama karatu. Duk mai burin riƙe muƙamin gwamnati ya sani cewa abin da ya yi da takardunsa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi abokan hamayya za su tono yana ɗan shekara hamsin.

Jami'a a matsayin makarantar siyasa

Ɗaliban Najeriya sun daɗe suna cikin siyasar ƙasa, kuma sun biya da jini. A 1978 zanga-zangar adawa da ƙarin kuɗin abinci da masauki, wadda ta nemi kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali ya sauka, ta yi sanadin mutuwar ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja kuma ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A Mayun 1986 'yan sanda sun sake harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. A wancan zamani ƙungiyar ɗalibai tana jayayya da gwamnati a kan manufa. Ƙorafin da ake yi a yau shi ne, shugabannin ɗalibai da yawa sun koma masu kai lambar yabo gidajen 'yan siyasa.

Duk da haka, a jami'a ne matashi zai iya koyon aikin siyasa da arha: rubuta tsarin mulkin ƙungiya, jagorantar taro, kare kasafin kuɗi a gaban mambobi, faɗuwa zaɓe da karɓar faɗuwar. Majalisar ɗalibai, ƙungiyoyin sassa, ƙungiyar ɗalibai 'yan jihar Kano da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi da aka kafa a 1954 duk fagage ne na wannan. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, inda Malam Aminu Kano ya zauna, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, ya riƙe shugabancin ASUU a zamanin soja, ya kuma shugabanci Jami'ar Bayero kafin ya je hukumar.

Dokoki biyu sun faɗaɗa abin da ɗalibi zai iya yi. Gyaran tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 31 ga Mayun 2018 ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Wato wanda ya gama digiri da hidimar ƙasa yana iya cika sharaɗin tsayawa takarar majalisar dokokin Kano. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati, har da jami'ar tarayya, ya nemi bayanin kuɗi ko kwangila, kuma wa'adin amsa kwana bakwai ne.

A rajistar masu zaɓe ta 2023, ɗalibai ne rukuni mafi girma idan aka kasa masu rajista bisa sana'a, sun haura kashi ɗaya cikin huɗu, Kano kuma ita ce ta biyu a yawan masu rajista bayan Legas. Majalisun da wannan ƙuri'a take cikawa su ne suke amincewa da kasafin ilimi, kuma su suke da ikon gyara dokar bashin karatu da ta hidimar ƙasa. Wanda ya cika shekara 18 yana iya yin rajista, wanda kuma ya yi ta a garinsu yana iya neman hukumar zaɓe ta mayar da ita inda yake zaune, muddin ba a rufe rajista ba.