Majigin kwali: daga aci-balbal zuwa ƙwan LED

1/ Wa ya tuna majigin kwali? A Doguwa da shi muka tashi. A samu kwalin taliya, a liƙa farar takarda a gaba, a yanko mutum-mutumi a soke a tsinke, a haska daga baya.

2/ Wasan nan yana da asali. Turawan mulkin mallaka sun riƙa yawo da motar majigi gari-gari suna nuna finafinan noma da tsafta. A Kano kuma an buɗe sinimar Rex a 1937. Yara suka gani, suka kwaikwaya.

3/ Iyayenmu da aci-balbal ko kyandir suka yi nasu. Baffana har yau da tabo a hannu: kwalin ya kama wuta, saura ƙiris danga ta tafi. Daga ranar aka hana wasan a gidan.

4/ Batir ne ya dawo da shi. Tiger guda biyu, ƙwan tocila, guntun waya, a ɗaure da kyauron roba. Matsalar, kafin a kai tsakiyar labari hasken ya yi ja.

5/ Sai ga farin ƙwan LED, wanda ya fara fitowa a Japan a 1996. Ba zafi, ba cin batir. Mu muka more shi, har motar kara muka sa wa fitila.

6/ Jiya na haɗa wa ƙanina ɗaya. Ya ajiye wayar Umma, ya ce in koya masa. Ku a garinku me kuke kiransa?