Ginin Ƙasa a Birnin Katsina

Ginin ƙasa na cikin tsofaffin sana'o'in birnin Katsina, kuma duk fasaharsa ta dogara ne ga sanin yadda ƙasa da ruwa suke kama juna. Masana kimiyya sun kasa abubuwa gida uku: daskararre, da mai ruwa-ruwa, da mai kama da iska irin su tururi. Abin da ya raba su shi ne ƙarfin da ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abin suke jan juna da shi. A daskararren abu ƙarfin yana da yawa, ƙwayoyin suna tsaye wuri ɗaya. A ruwa yana da sassauci, suna manne amma suna zamewa a kan juna. A tururi kuwa ya kusa gushewa, kowace ƙwaya ta kama gabanta. Magini yana aiki da duka ukun a kan tubali guda, ko da bai taɓa kiransu da waɗannan sunaye ba.

Aikin yana farawa daga ramin da ake haƙar ƙasa, wanda da damina yakan cika ya zama kududdufi. Ba kowace ƙasa take ginuwa ba. Yashi zalla ba ya kamawa, domin ƙwayoyinsa manya ne, inda suke taɓa juna kaɗan ne. Ƙwayoyin yumɓu kuwa faffaɗa ne, ƙanana ainun, girmansu bai kai kashi biyu cikin dubu na milimita ba, kuma fuskarsu tana jan ruwa. Idan aka jiƙa ƙasa aka tattake ta, ruwa yakan shiga tsakanin ƙwayoyin ya zama siririn shafi, su riƙa zamewa ba tare da sun rabu ba. Wannan ne ya sa kwaɓi yake karɓar duk siffar da hannu ya ba shi.

Daga nan sai a mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Yayin da ruwan yake tashi ya zama tururi, ragowar da ta saura tana ƙara matse ƙwayoyin yumɓu, har su kusanci juna iyakar kusanta. Tubalin da ake cewa ya bushe ma akwai ɗan danshi a cikinsa da ido ba ya gani, kuma yana cikin abin da yake riƙe da shi. Matsewar nan tana da illa: ƙasar da yumɓunta ya yi yawa takan tsage. Don haka magina suke cuɗa ciyawa da kashin doki a cikin kwaɓi, su bar shi kwanaki ya ruɓa kafin a ɗora. Bukatar bushewar nan ce kuma ta sa gini ya zama aikin rani, lokacin da iska ta bushe, manoma sun huta.

Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, ita ce babbar shaidar wannan fasaha a birnin. Tarihin baka yana danganta masallacinta da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ƙarnin da a ƙarshensa Shehu Magili ya zo ƙasar Hausa ya sauka Kano da Katsina. Siffarta kanta darasi ce: gindi mai kauri, jiki yana tsukewa zuwa sama. Ƙasa tana jure nauyin da ya danne ta, amma ba ta jure ja ko lanƙwasa, domin ƙarfin da ya haɗa ƙwayoyinta bai kai na dutse ko ƙarfe ba. A wajen rufi, inda dole sai an tsallake sarari, magina sukan sa azara ta itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, su ɗaure ta hawa-hawa su lulluɓe da ƙasa, a sami bakan gizo da rufin soro.

Ganuwar birni, wadda ake danganta ginin ta da Sarki Ali Murabus, ta fi kowane aiki girma. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Katsina a 1851, ya kiyasta zagayenta ya haura mil 13. Ƙofofinta, irin su Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi da Ƙofar 'Yanɗaka, har yanzu da sunayensu ake kwatance a gari. Tsayuwar irin wannan katanga ba ta rataya ga ranar da aka gama ta ba. Ruwan da ya haɗa ƙasa shi ne kuma yake warware ta: da ya sake shiga da yawa tsakanin ƙwayoyin yumɓu, sai ya raba su, bango ya koma taɓo. Kowace damina tana cin rabonta, musamman a watan Agusta, a da kuma kowane rani sai a tara jama'a a mayar da abin da ya zaizaye.

Maganin da magina suka samo shi ne mafi ban sha'awa a sana'ar. Makuba ana yin ta daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a haɗa da jar ƙasa a shafe bango. Sinadarin ɓawon yana kama ƙasar ya rage mata shan ruwa. Laso ya fi ta ƙarfi, kuma a nan abubuwa uku suka haɗu: katsi daga marina, gashin awaki daga majema, da yauƙin dafara. Ana shafa shi a rufin soro da zankwaye da bakin indararo, inda ruwa ya fi duka.

Bayan shigowar Turawan Ingila a 1903, ganuwa ta rasa aikinta na tsaro, gyaran shekara-shekara ya tsaya, ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka raba ta. Sana'ar dai ba ta mutu nan take ba. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da ƙasa aka gina Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Yau ginin gidan tarihi ne.

Abin da ya karya kasuwar magina shi ne siminti da kwano. Ruwan da aka zuba wa siminti yana shiga cikin ginin ƙwayoyinsa ya ƙulla sabon haɗi mai ƙarfi wanda ruwan sama ba ya kwancewa, sai mai gida ya huta da yaɓen kowace shekara. Ya kuma yi asarar sanyin soro, domin bango mai kauri yana jinkirta shigar zafin rana. Wani kuskuren da ake yi a yau shi ne shafa siminti a kan tsohon bangon ƙasa da sunan gyara. Su biyun ba sa kama juna sosai, danshi yana maƙalewa a bayan shafen ya rasa hanyar fita, ƙasa ta yi laushi daga ciki har ɓawon ya ɓare da ita. Gobarau da tsohuwar Kwaleji da ragowar ganuwa suna bukatar gyara da irin kayan da aka gina su, a hannun maginan da suka san aikin, kuma wajibi ne hukumomin da ke kula da su su tabbatar an koya wa matasa haɗa makuba da laso tun masu sanin suna raye.