Kuntigi da Janareta: Tarihin Wasa a Bayan Garin Abuja

Yau ina so mu waiwayi wani ɓangare na tarihin zamanmu a nan wanda ba a cika rubuta shi ba, wato wasan makaɗa a unguwannin bayan gari, da mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen shirya shi. Ni ma cikinsu nake, don na fi shekara 30 a wannan sana'a.

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar gina sabon babban birni. A wannan shekarar ce kuma kiɗan punk ya yi tashe a Landan da Niyok, inda samari irin su Sex Pistols da Ramones suka ɗauki jita suna faɗin abin da ke cin ran talaka ba tare da ado ba, masoyansu kuma suna shirya wasanni da kansu a ƙananan ɗakuna. Duk lokacin da na karanta labarinsu, Ɗan Maraya Jos nake tunawa.

An haifi Adamu Ɗan Maraya a Bukuru a 1946, cikin Hausawan da suka yi ƙaura zuwa ƙasar kuza, wato shi ma ɗan zaman ci-rani ne da ya zama gida, kamar mu. Iyayensa sun rasu yana jariri, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Kayan kiɗansa kuntigi ne, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, kuma da shi ya yi wa karen mota da lebura waƙa. Ya rasu a ranar 20 ga Yunin 2015.

Leburorin da suka zo ginin Abuja a shekarun 1980 sun zo da kasakasansa da na Mamman Shata a cikin buhunansu. Da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disambar 1991, haya a cikin gari ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, sai muka cika Nyanya da Mararaba da Karmo da Dei-Dei da Zuba. A can wasa ya zauna.

Ga yadda muke yi. Ka nemi fili ko harabar otel, ka sanar da mai unguwa da 'yan sanda, ka aika wa makaɗi kafin alƙalami da kuɗin mota. Ka ɗauko hayar janareta da lasifika da benci, ka kewaye wurin da zana ko buhu. Kwana biyu kafin ranar, a zaga tashoshi da kasuwanni ana shela. Kuɗin ƙofa na mai shiryawa ne, abin da aka yi kari na makaɗi. Idan hadari ya taso da magariba, kai kaɗai za ka kwana da bashin. Shi ya sa muke fakon ƙarshen wata da bayan salla.

Abubuwa uku suka karya wannan harka. Rusau na tsakanin 2003 da 2007 ya watsa unguwanni irin su Karmo, 'yan kallo suka tarwatse. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, alhali 'yan acaɓa su ne rabin masu biyan ƙofa. Sai kuma bama-baman Nyanya na Afrilu da Mayun 2014, da suka sa kowa ya ji tsoron taron dare.

Abin da ke damuna shi ne, abokan sana'ata suna ta rasuwa, kasakasan da muka naɗa kuma suna cin ƙura. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan za su tashi suna zaton iyayensu siminti kawai suka ɗauka a Abuja. Don Allah duk mai tsohon kaset ko hoton wasa, ya juye shi a kwamfuta, ya zauna da dattijon da ya halarta ya rubuta shekara da wuri da sunan makaɗi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.