Ina Ake Ajiye Ɗanyen Hoto? Bayani Kan HDD, SSD Da Kwafin Ko-ta-kwana

Wannan bayanin na masu tace hoto ne da masu shirin shiga harkar, ko bidiyon waƙa kake haɗawa ko na biki da walima irin wanda samari ke ɗauka nan Danchadi da cikin garin Bodinga. Abin da nake so ka riƙe shi ne, faifan da kake aiki a kansa daban, wanda kake ajiya a cikinsa daban. In ka haɗa su wuri guda, ranar da faifan ya mutu aikin ya bi shi, kuma amarya ba za ta sake zaman kamu don kai ba.

Mu fara da lissafi. Kyamarar da ke ɗaukar 1080p a kan megabit 50 cikin daƙiƙa tana cin kusan giga 22 a awa ɗaya. In 4K ce a kan megabit 100, giga 45 ke nan. To ɗauki biki na kwana uku, kyamara biyu, kowace tana aikin awa huɗu a rana da 4K: ka wuce giga 1,000. Shi kuwa faifan da aka rubuta wa tera 1, in ka jona shi giga 931 za ka gani, ba cuta ba ce, bambancin ƙirga ne tsakanin kamfani da Windows.

Lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset ake komai. Da aka koma VCD, faifai ɗaya megabait 700 yake ɗauka. Yau awa ɗaya ta 4K sai ta cika irin wannan faifan sama da 60. Ka tuna kuma yanzu zamanin masu dogon zango ne, su Labarina da Izzar So, inda ɗanyen hoto ke taruwa mako bayan mako.

HDD shi ne mai faranti a ciki, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai karantawa. Ƙananan da ake jonawa ta USB suna gudun megabait 100 da ɗoriya a daƙiƙa. Yana da arha in ka kwatanta da girmansa, amma in ya faɗi ƙasa yana cikin aiki, sai dai addu'a. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Mai SATA yana kai 550, mai NVMe yana wuce 3,000. A ganina SSD na aiki ne, HDD na ajiya. Kada ka mai da SSD rumbun da za ka jefa a akwati shekara da shekaru babu wuta, musamman a zafi. Kuma shi ba ya yin ƙarar ƙas-ƙas ɗin da HDD kan yi kafin ya mutu, yakan ɗauke ne kawai.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: in hoto yana sarƙewa a Premiere Pro ko DaVinci Resolve, ba kullum laifin faifai ba ne. Bidiyo mai megabit 100 megabait 12 da rabi kawai yake nema a daƙiƙa, HDD ma zai iya. Sau da yawa kwamfutar ce ta gaza warware matsin hoton. Kafin ka kashe kuɗi, gwada furoksi, wato ƙaramin kwafin da ake tacewa da shi, a koma kan na asali wajen fitarwa. Duba kuma ramin da ka jona, don USB 2.0 ba ya wuce megabait 40 komai tsadar faifan.

Sai batun kwafi, wanda shi ne zuciyar maganar. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana tsakiyar aikin Toy Story 2 aka ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure, mafi yawan fayilolin fim ɗin suka tafi. Da aka je ga kwafin ajiyarsu sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai. Abin da ya cece su shi ne Galyn Susman, wata babbar ma'aikaciya da ta haihu take aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Fim ɗin ya fito a 1999. Ka ga suna da kwafi, gwada shi ne ba a yi ba.

Masu hoto suna bin ƙa'idar 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A wajenmu ga yadda nake yi. Daga lokeshin, hoto ya sauka kan SSD, a daren ya shiga HDD, kuma ba a goge memorin kyamara sai an buɗe fayilolin a wuraren biyu an ga suna tafiya. HDD na uku ba ya kwana shago ɗaya da sauran. Gidan yayanka a Shagari ko wajen aboki a Sakkwato ya isa, don ɓarawo da gobara ba sa zaɓar faifai.

Intanet fa? Google Drive giga 15 yake bayarwa kyauta, minti 20 na 4K ke nan, ga kuɗin data. Ni abin da nake ɗorawa can shi ne fayil ɗin aikin, wanda ba shi da nauyi, da bidiyon da aka kammala. YouTube da WhatsApp ba wajen ajiya ba ne, matse hoton suke yi, abin da ka sauke ba shi ne ka ɗora ba.

Masu RAID su ma su ji. RAID 0 gudu yake ƙarawa, amma faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 1 yana rubutawa a faifai biyu lokaci guda, sai dai in ka goge fayil ko bairos ya shiga, duka biyun ya shafa.

Zafi kuma sai an kula. Kamfanin WD ya rubuta wa ƙaramin faifansa My Passport digiri 5 zuwa 35 wajen aiki, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Kada ka bar faifai cikin but ɗin mashin ko kan tebur ƙarƙashin kwano da rana tsaka, babban kwafi bari sai dare. Lokacin hunturu a rufe shi saboda ƙura. Mai kwamfutar tebur ya nemi UPS, don ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi yana lalata fayil.

In ka sayi filash ko memori a kasuwa da arhar da ta ba ka mamaki, gwada shi da H2testw kafin ka zuba aikin mutane, akwai jabu mai nuna tera 1 alhali cikinsa ƙarami ne. CrystalDiskInfo kuma yana nuna lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki, yana da amfani sosai in na hannu za ka saya. Sabon faifai ka yi masa fomat da exFAT in zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac, don FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4.