Asalin Magna Karta, Takardar da Ta Taka wa Sarkin Ingila Burki

Magna Karta wata takarda ce da Sarki Jon na Ingila ya buga wa hatiminsa a watan Yunin 1215, bayan manyan hakimansa sun yi masa tawaye sun kama birnin Landan. Da harshen Latin aka rubuta ta, a kan fatar tunkiya, kamar yadda ake rubuta takardun fada a wancan zamani. A cikinta sarki ya lissafa abubuwan da ya yi alkawarin daina yi wa mutanensa. Asalin maganar kuwa ya faro ne tun zamanin ubansa, Sarki Henri na Biyu.

Tun da Wiliyam, mai mulkin Nomandi, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙasa duka ta sarki ce. Shi yake yanka wa hakimai, su kuma su yi masa mubaya'a, su kawo masa barade idan yaƙi ya tashi. Bayan barade akwai wasu haƙƙoƙi. Idan hakimi ya mutu, ɗansa ba ya gadon ƙasar sai ya biya sarki kuɗi. Idan magajin yaro ne, sarki ne zai riƙe ƙasar yana cin amfaninta har yaron ya girma. Auren matar mamacin da na 'yarsa ma yana hannun sarki, yana iya ba wanda ya fi biya. Al'ada ta ce a karɓi abin da ya dace, amma babu inda aka rubuta nawa ne ya dace, sai abin da sarki ya ga dama.

Henri na Biyu ya hau gadon sarauta a 1154. Ban da Ingila, yana riƙe da Nomandi da Anju, kuma ta hanyar matarsa Eleanor ya sami Akwiten, har ƙasarsa a Faransa ta fi ta Sarkin Faransa kansa faɗi. Shi ne ya gyara shari'a, ya riƙa aika alƙalai suna zagaya larduna, ya sa ana tara mutum goma sha biyu na gari su rantse su faɗi gaskiyar rigimar gona ko gado. Mutane suka saba da samun hukunci bisa ƙa'ida a tsakaninsu. Abin da ya rage shi ne sarki kansa, domin babu kotun da za a kai ƙararsa. Yana iya ƙwace ƙasar mutum don kawai ya yi fushi da shi.

Da Henri ya rasu a 1189, ɗansa Ricad ya gaje shi. Shi ne wanda ya je yaƙin 'yan Salibiyya ya kara da Salahuddin. A hanyarsa ta komowa aka kama shi kusa da birnin Biyana a 1192, aka miƙa shi ga Sarkin Jamus, wanda ya nemi fansar mak dubu 150. Mak ɗaya kashi biyu cikin uku ne na fam. Aka tatsi Ingila har da kwanonin azurfa na coci-coci kafin a sake shi a 1194. A shekaru goma na sarautarsa bai zauna a Ingila fiye da wata shida ba, amma da yake jarumi ne mai cin nasara, hakimai suka haƙura da haraji. Kibiya ce ta yi ajalinsa a 1199, a wani ƙaramin yaƙi a Faransa, bai bar ɗan da zai gaje shi ba.

Ƙanensa Jon, autan Henri, shi ya hau. Jon ba malalaci ba ne, ba kuma dolo ba. Yana da kaifin basira, yana zama a kotu da kansa, kuma a zamaninsa ne fada ta soma ajiye kwafin wasiƙun sarki a kai a kai. Cutarsa ita ce rashin yarda da kowa, da ƙeta ga wanda ya faɗo hannunsa. A 1200 ya auri Isabella ta Angulem, alhali an riga an yi mata baiko da wani hakimi na gidan Lusignan. Maimakon ya lallashe su, sai ya wulaƙanta su. Suka kai ƙara wurin Sarkin Faransa, Filib na Biyu, wanda shi ne ubangidan Jon a kan ƙasashensa na Faransa. Filib ya kira Jon, Jon ya ƙi zuwa, Filib ya ce ya ƙwace ƙasashen. A yaƙin da ya biyo baya Jon ya kama ɗan wansa Arthur, wanda shi ma yake neman sarauta. A 1203 yaron ya ɓace a kurkuku a birnin Ruwan, kuma jama'a suka haƙiƙance Jon ne ya kashe shi. Magoya bayansa suka yi ta zamewa, zuwa 1204 Nomandi ta faɗa hannun Filib.

Shekaru goma da suka biyo baya Jon ya yi su ne yana tara kuɗin da zai ƙwato abin da ya rasa, kuma a nan ne aka shuka Magna Karta. Akwai kuɗin garkuwa, wato abin da hakimi yake biya a madadin fita yaƙi. Jon ya karɓe shi sau 11 a sarautarsa, wani lokaci ma ba a je yaƙin ba. A 1207 ya aza harajin kashi ɗaya cikin goma sha uku a kan dukiyar mutane. Ya tsawwala kuɗin gado har magaji ya wayi gari da bashin da ba zai iya biya ba har ya mutu, sarki kuma ya riƙe bashin a matsayin igiya a wuyansa. Matan da mazansu suka mutu suna biyan maƙudan kuɗi don kada a aurar da su ga wanda ba sa so. Yahudawan ƙasar, waɗanda suke ƙarƙashin ikon sarki kai tsaye, an matse su ba tausayi. Yana kuma karɓar 'ya'yan hakimai ya tsare su a matsayin jingina.

Abin da ya sami gidan William de Braose shi ya fi tsorata kowa. Mutumin na hannun daman sarki ne a da, sai suka ɓata, sarki ya taso shi da maganar bashi. Marubutan zamanin sun ce matarsa Matilda ta ƙi ba da 'ya'yanta jingina, ta kuma ambaci abin da ya faru da Arthur. William ya gudu Faransa, aka kama Matilda da babban ɗanta a 1210, aka rufe su a kurkuku ba abinci har suka mutu. Ba a yi musu shari'a ba. Duk wani hakimi a ƙasar ya gane cewa abin da ya ci wannan gida zai iya cin nasa.

Ga kuma rigima da Fafaroma Innocent na Uku kan wanda zai zama babban limamin Kantabari. Fafaroma ya naɗa Stephen Langton a 1207, Jon ya hana shi shiga ƙasa. A 1208 Fafaroma ya sa aka rufe ibada a coci-cocin Ingila, a 1209 ya fitar da Jon daga jama'ar coci. Jon bai damu ba, ya ci gaba da kwashe kuɗin coci. Sai da ya ji Filib yana shirin kawo masa yaƙi sannan ya miƙa wuya a 1213. Ya karɓi Langton, ya kuma sa ƙasarsa ƙarƙashin Fafaroma da alkawarin biyan mak dubu duk shekara. Da wannan dabara babban abokin gabarsa ya koma mai kare shi.

A 1214 ya fita yaƙin da ya daɗe yana tanadi. Shi ya biyo ta kudu maso yammacin Faransa, abokan ƙawancensa, ciki har da ɗan 'yar'uwarsa Sarki Otto na Jamus, suka biyo ta arewa. Ranar 27 ga Yuli Filib ya fatattake su a Bubin. Dukiyar shekaru goma ta tafi a banza, Jon ya komo gida yana neman wani kuɗin garkuwar. Hakiman arewacin Ingila suka ce ba za su biya ba. A da idan hakimai za su yi tawaye sukan nemi wani ɗan sarki su tsaya a bayansa. Wannan karon babu ɗan sarkin da ya dace, sai suka tsaya a bayan takarda. Sun samo misali daga alkawuran da Henri na Ɗaya ya rubuta lokacin naɗinsa a 1100. A watan Mayun 1215 suka janye mubaya'arsu ƙarƙashin jagorancin Robert Fitzwalter, mutanen Landan suka buɗe musu ƙofa ranar 17 ga wata.

Aka haɗu a Runnymede, wata fadama a bakin kogin Tems tsakanin Windsor, inda sarki yake, da Staines, inda 'yan tawaye suka sauka. Langton yana cikin masu shiga tsakani. Takardar da aka amince da ita tana ɗauke da kwanan watan 15 ga Yuni. Masana na baya ne suka kasa ta sashe 63. Yawancinsu maganin koke-koken wannan lokacin ne. An tsayar da kuɗin gadon hakimi a fam 100, na barde sule 100. Matar mamaci za ta karɓi rabonta ba tare da biyan komai ba, ba kuma za a yi mata auren dole ba. Ma'aikacin sarki ba zai ɗauki hatsin mutum ba sai ya biya, ba zai ɗauki dokinsa ko amalankensa ko itacensa ba sai da yardarsa. Tara za ta kasance daidai da laifi. Mudu da ma'aunin yadi za su zama iri ɗaya a duk ƙasa. Har shingayen kamun kifi da suke tare jiragen ruwa a kogin Tems an ce a cire.

A tsakiyar waɗannan ƙananan batutuwa ne manyan sassa suke. Sashe na 12 ya ce ba za a aza kuɗin garkuwa ko wani taimako na musamman ba sai da shawarar ƙasa. Na 39 ya ce ba za a kama ɗa, wato mutum mai 'yanci, ko a ɗaure shi, ko a ƙwace dukiyarsa, ko a kore shi daga ƙasa ba, sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Na 40 ya ce sarki ba zai sayar da shari'a ba, ba zai hana ta ba, ba zai ja mata rai ba. Ya kamata a san cewa wannan kariya ta 'ya'ya ce kawai. Mafi yawan mutanen karkara a lokacin talakawa ne da suke ɗaure da gonar ubangidansu, kuma abin da suka samu kaɗan ne, kamar hana ƙwace musu kayan noma idan an ci su tara. Hakiman don kansu suke yaƙi. Duk da haka sun rubuta maganar ta yadda za ta iya faɗaɗa daga baya, kuma darajarta ke nan.

Sashe na 61 shi ne wanda Jon ba zai iya haɗiya ba. An zaɓi hakimai 25 su sa ido a kansa. Idan ya saɓa alkawari aka faɗa masa bai gyara ba cikin kwana 40, suna da ikon kama ganuwoyinsa da gonakinsa, in ban da jikinsa da na matarsa da 'ya'yansa. Jon ya aika wa Fafaroma, ranar 24 ga Agusta Fafaroma ya soke takardar, ya ce da ƙarfi aka karɓe ta. Ba ta yi wata uku tana aiki ba. Yaƙi ya ɓarke, hakimai suka gayyato Luwis, ɗan Sarki Filib, ya zo ya karɓi sarauta, ya kuwa sauka Ingila a watan Mayun 1216. A watan Oktoba ruwan teku ya ci wasu kayan Jon a mashigin Wash, kwanaki kaɗan bayan haka atini ya kashe shi a Newark. An binne shi a cocin Worcester. Tun daga lokacin ba a sake yin Sarkin Ingila mai suna Jon ba.

Mutuwarsa ce ta raya takardar. Ɗansa Henri na Uku yana da shekara tara, aka naɗa shi cikin gaggawa a Gloucester, alhali Landan tana hannun Luwis. Riƙon sarauta ya faɗa hannun William Marshal, tsohon barde mai kimanin shekara 70, wanda ya bauta wa Henri na Biyu da Ricad da Jon. Shi da wakilin Fafaroma suka sake fitar da takardar a watan Nuwamba da sunan yaron, bayan sun cire maganar hakimai 25 da wasu sassa. Wannan ya raba 'yan tawaye da hujjarsu, tun da wanda suke ƙi ya mutu, abin da suke nema kuma an ba su. Marshal ya ci su da yaƙi a Lincoln a 1217, Luwis ya koma gida. A wannan shekarar aka ware dokokin dazuzzukan sarki aka yi musu takardarsu daban. Don a bambanta biyun aka riƙa kiran ta farkon Magna Karta, wato babbar takarda.

A 1225 Henri ya sake tabbatar da ita da hatiminsa, aka ba shi harajin kashi ɗaya cikin goma sha biyar. Daga nan abin ya zama ciniki: sarki yana son kuɗi, ƙasa tana son alkawari, kuma taron da ake yin wannan ciniki shi ya girma sannu a hankali ya zama majalisar dokoki. Edwad na Ɗaya ya sa ta cikin kundin dokokin ƙasa a 1297. A ƙarni na 17 lauya Edward Coke da 'yan majalisa suka kafa hujja da ita a kan Sarki Charles na Ɗaya, wanda yake ɗaure mutane ba tuhuma yana kuma karɓar kuɗi ba da yardar majalisa ba. Daga Ingila ƙa'idar ta bi dokar Turawan zuwa Amurka da sauran ƙasashen da suka mallaka, ciki har da Najeriya da Gana.

Kwafi huɗu na 1215 suna nan har yau: biyu a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan, ɗaya na cocin Lincoln, ɗaya na cocin Salisbury. Majalisa ta soke yawancin sassan a ƙarni na 19 da na 20 saboda sun tsufa. Uku ne suka rage a dokar Ingila: na 'yancin coci, na haƙƙoƙin birnin Landan da sauran garuruwa, da wanda ya haɗa hana ɗaure mutum ba bisa doka ba da hana sayar da shari'a.