Daga Gadon Asibiti Zuwa Zauren Baje Koli: Yadda Mata Suka Fara Zana Ciwonsu

Ɗaruruwan shekaru jikin mace ya cika bangon gidajen zane-zane na Turai, amma kusan kullum namiji ne ke riƙe da burushi. Ita tata a kwantar da ita a kalla. Abin da take ji a cikin jikin nan, na sha'awa ko kishi ko zafin ɓari, ba a ɗauke shi abin zanawa ba.

Cikin waɗanda suka fara karya wannan al'ada akwai Frida Kahlo ta ƙasar Meziko. A watan Yulin 1932 ta yi ɓari a birnin Detroit na Amurka, ta kuma zana kanta kwance a gadon asibitin Henry Ford, zanin gadon ya jiƙe da jini, jan zare ya ɗaure ta da ɗan tayin da ta rasa. Ba ta ƙawata komai ba. A wancan zamani ita kaɗai ce, babu wata tafiya ta mata da za ta jingina da ita.

Tafiyar ta zo ne bayan kusan shekara 40. A 1970 mai zane Judy Chicago ta buɗe ajin koyar da zane na mata zalla a Fresno ta jihar Kalifoniya. A 1971 masaniyar tarihin zane Linda Nochlin ta wallafa maƙalar da ta nuna cewa rashin shahararrun mata a fagen ba rashin baiwa ba ne, ƙofofin makarantun ne aka rufe musu. A 1972 kuwa Chicago da Miriam Schapiro da ɗalibansu suka buɗe wa jama'a wani tsohon gida a Los Angeles da suka mai da kowane ɗakinsa aikin fasaha, har da banɗakin da ya yi magana kan jinin al'ada, abin da a da ko ambatonsa ba a yi.

Sai dai a ganina wadda ta fi kowa zurfafa wannan hanya tsohuwa ce da hayaniyar ta tarar tana aikinta shiru. An haifi Louise Bourgeois a Paris a 1911, a gidan da sana'arsu ita ce gyaran tsofaffin saƙaƙƙun darduman bango. Tun tana 'yar shekara 12 take zana ƙafafun mutanen da suka zagwanye a jikin dardumar, masu saƙa su cike gurbin. A cikin gidan nan kuma mahaifinta ya yi kusan shekara goma yana neman malamar da aka ɗauko ta koya wa yaran Turanci, uwarsu tana gani tana haɗiyewa. Yarinyar ta taso da wannan ƙulli a zuciya, ta tafi da shi New York a 1938. Da mahaifin ya rasu a 1951 ta faɗa cikin matsanancin baƙin ciki, ta shafe shekaru masu yawa tana ganin likitan tunani. Abin da ta sassaƙa da roba da marmara da ƙyalle, siffofin nono da ciki da al'aurar mace da ta namiji a cakuɗe, ba don tayar da sha'awar mai kallo ba ne. Tsoro da so da fushi ne take fitarwa inda za ta iya taɓa su da hannu. Sai a 1982, tana da shekara 70, babban gidan zanen zamani na New York ya shirya mata baje kolin ayyukan rayuwarta, a lokacin ne kuma ta bayyana labarin malamar a fili.

Aikinta da duniya ta fi sani shi ne Maman na 1999, gizo-gizon ƙarfe da tsayinsa ya haura mita 9, ɗauke da ƙwai na marmara. Bahaushe ya san Gizo da wayo da zamba, amma nata gizon uwa ce: mai saƙa, mai haƙuri, wadda in an yaga mata gida sai ta sake ɗinke shi. Mahaifiyarta take nufi.

Daga nan Tracey Emin ta Ingila ta ɗauka. A 1998, bayan rabuwa da masoyi ta kwantar da ita kwanaki, ta mai da gadonta yadda yake, da dattin zanuwa da kwalaben da ta shanye, aikin da ta kira My Bed. Ya shiga jerin ƙarshe na gasar fasaha ta Turner a 1999, jaridu suka yi ca a kansa, wasu na cewa ƙazanta ce kawai. Ina fahimtar mai ƙyamar, amma wanda ya taɓa ganin baƙin ciki ya hana mutum tashi ko wanka ya san gaskiya ce a shimfiɗe. A 2014 an sayar da gadon fiye da fam miliyan 2.5.

Matan biyu sun yi aiki tare daf da ƙarshen rayuwar Bourgeois. Ta zana gangar jikin maza da mata guda 16 ta miƙa wa Emin, wadda ta daɗe tana jin nauyin taɓa su kafin ta ƙara musu ƙananan siffofi da rubutun hannunta kan juna biyu da rashi da kaɗaici. Bourgeois ta rasu a watan Mayun 2010 tana da shekara 98, aka nuna aikin a Landan a 2011.