Halatta tabar wiwi: me ake nufi, su wa suka yi, me suka samu?

Jama'a masu saurare, da 'yan uwa da ke bin mu daga ƙasashen waje, tambaya ɗaya ta yi ta dawowa a shirinmu na waya: wai da gaske ne duniya ta halatta tabar wiwi? Wani ya ce ya ji a Jamus ana busa ta a sarari, wani ya ce a Maroko an mai da ita kamar noman albasa. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙarin gishiri. Ga bayanin daki-daki.

Me ake nufi da "halattawa"?

In an ce ƙasa kaza ta halatta wiwi, dokar gwamnati ake nufi, ba halal na addini ba. Matsayin malamanmu bai sauya ba: abin da ke gusar da hankali haramun ne. A dokar ma abin iri uku ne.

Na ɗaya, sassauci: wiwi na nan a haramce, amma wanda aka kama da ɗan abin da zai sha ba a kai shi kaso. Haka Fotugal take yi tun 2001.

Na biyu, izinin noma don magani da masana'antu, ƙarƙashin takardar gwamnati. Ganyen na ɗauke da sinadarai biyu da aka fi sani: THC, shi ke sa maye, da CBD, wanda ba ya bugarwa. A 2018 Amurka ta amince da wani maganin CBD don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani.

Na uku, a bar baligi ya sha don jin daɗinsa. Wannan shi ne ake ta cece-kuce a kai, kuma ƙasashen da suka yi shi ba su da yawa.

Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ba ta halatta ba. A watan Disamba 2020 hukumarta ta miyagun ƙwayoyi, da ƙuri'a 27 kan 25, ta fidda wiwi daga jerin mafi tsanani don a buɗe hanyar bincike da magani. Amma har yanzu tana cikin abubuwan da yarjejeniyar 1961 ta sa wa takunkumi.

Su wa suka yi?

Yurugwai, a Kudancin Amurka, ita ta fara a 2013. Mai sha sai ya yi rajista, kuma giram 40 ne iyakarsa a wata. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoba 2018. A Amurka jihohin Kolorado da Washinton suka buɗe ƙofa a 2012, yanzu sun haura jihohi 20, amma dokar tarayya ba ta yarda da shan nishaɗi ba. Jamus ta fara ranar 1 ga Afrilu 2024: giram 25 a aljihu, tushe 3 a gida, babu kantunan saidawa.

A Afirka akasari hanyar magani aka bi. Lesoto ta fara ba da izinin noma a 2017. Maroko ta yi dokarta a 2021, ta keɓe noman ga larduna uku na yankin tsaunukan Rif, shan nishaɗi kuma yana nan a haramce. Gana ta yarda da irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wato wanda ba ya bugarwa. Afirka ta Kudu ce ta bambanta: a 2018 kotun tsarin mulki ta ce baligi na iya sha cikin gidansa, amma saye da sayarwa laifi ne.

Ina kuɗin suke zuwa?

Masu goyon baya na cewa: tunda ana sha ko an hana, gara kuɗin su shiga baitulmali da su shiga aljihun 'yan fasa-ƙwauri. Hujjarsu Kolorado ce, inda harajin wiwi ya haura dala miliyar guda tsakanin 2014 da 2019, aka kuma ware wani kaso don gina makarantu. An samu ayyukan yi, an rage kame da cunkoson kotuna.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Kasuwar bayan fage ba ta mutu ba. A Kalifoniya haraji ya sa ta kanti ta yi tsada, mutane da yawa suka ci gaba da saye wajen dillalansu na da. A Kanada kamfanoni sun zuba jari, suka noma fiye da abin da kasuwa ke iya ɗauka, farashi ya faɗi, wasu suka rufe masana'antu suka sallami ma'aikata.

Ƙaramin manomi fa? A Lesoto kuɗin takardar izini sun fi ƙarfinsa, sai kamfanoni masu jarin waje suka kwashe. A Maroko an nemi manoma su shiga ƙungiyoyin haɗin gwiwa, a 2024 kuma Sarki Muhammad na Shida ya yi afuwa ga sama da mutum 4,800 da ake tuhuma ko aka hukunta kan noman. Duk da haka mafi yawan noman yankin bai shigo ƙarƙashin doka ba.

Lafiya da zaman jama'a

Izinin doka bai rage wa ganyen dafinsa ba. Wiwin yanzu ta fi ta shekarun baya ƙarfi nesa ba kusa ba. Likitoci sun ce kusan mutum 1 cikin 10 na masu sha yakan kamu har ya kasa bari, haɗarin kuma ya fi yawa ga wanda ya fara tun yana yaro. Shan mai ƙarfi kullum na da alaƙa da taɓin hankali, yana rage riƙon karatu, yana sa mai tuƙi jinkirin taka birki. A Kanada da Amurka an ƙara samun ƙananan yara a asibiti bayan sun ci alewa ko biskit mai wiwi da manya suka aje.

Tailan ta zama darasi. Ta saki ganyen a 2022 ba tare da cikakken tsari ba, kantuna dubbai suka buɗe. A 2025 gwamnati ta ja da baya, ta ce sai da takardar likita.

A nan Nijar fa?

Babu abin da ya sauya. Noma, saye, saidawa, ɗauka da sha duk laifi ne a dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, hukumar OCRTIS ke farautar masu safara. Ƙasarmu hanya ce: a watan Maris 2021 an kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai, kayan da suka shigo ta tashar ruwan Lome za a wuce da su Libiya. A Najeriya ma haramun ce, hukumar NDLEA na kame, ko da yake wasu 'yan siyasa sun nemi a ba da izinin noman magani.

Ƙasashen da suka halatta suna da ɗakunan gwajin sinadari, masu bin haraji kanti-kanti, da cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye, amma duk da haka abin na ba su wuya. A wajenmu likitocin ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne, ga tiramol da ta riga ta addabi samari. Duk mai lissafin ribar wiwi, to ya haɗa da wannan.

Ga 'yan uwa da ke waje

Izinin ƙasa a kan iyakarta yake tsayawa. Ko a Kanada, fita da wiwi ko shiga da ita laifi ne. A Aljeriya da Libiya ɗauri ne, a Saudiyya safararta na kai mutum ga hukuncin kisa. Kada ku karɓi ƙunshin saƙon da ba ku buɗe kun gani ba, ko na wa ne.

Iyaye kuma, in kun ga yaro ya canza, kada a fara da duka ko kora. A zauna da shi, a kai shi likita tun da wuri. Allah ya shirya mana zuri'a.